Jikata Ta Ce In Jira Sanda

Malama Najwa, ki taimaka mini da shawara, ko da yake na daɗe da fid da rai cewa akwai mai sauraron tsoho.

Ni tsohon hedimasta ne a Takur. Na yi sikawut tun ina kwalejin horon malamai, zamanin da ake hura usur kowa ya ƙame a layi. Yaran da na koyar yau daraktoci ne a sakatariya, ba mai leƙo ni. To, jikata Zulfa, 'yar aji uku, ta shiga ƙananan sikawut na makarantarsu, ta matsa sai na raka ta taronsu na Asabar.

Ba layi, ba fareti. Sun zauna sun yi da'ira a gindin dalbejiya, jagoransu Malam Mu'az ma a ƙasa. Suna da wata 'yar sanda da ke zagayawa, mai riƙe da ita kaɗai ke magana. Ana shawarar inda za a shuka bishiya, wani yaro yana ta in'ina, sai na miƙe na faɗa musu yadda ake yi. Zulfa ta ce, a gaban kowa, wai in jira sanda ta zo hannuna. Malamin bai tsawata mata ba.

Na hana ta komawa. Tun ranar ta daina ce mini angonta, ta daina ɓoye mini hula. Sai ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo, ta wuce. Ita kaɗai ce dama ke zama hira da ni. Wannan ita ce tarbiyyar yanzu?

Tsohon Hedimasta, Dutse

Baba, a gyara tsoho cikin taro akwai ciwo, kuma da Malam Mu'az ya kyauta, da ya sanar da kai ƙa'idar tun kafin a zauna. Amma sandar nan domin irin yaron mai in'ina aka yi ta, don ya gama maganarsa ba a katse shi ba. Zulfa doka ta bi, abin da ka yi shekaru kana koya wa yara. Kuma jika abokiyar wasa ce. In ba ita ba, wa zai iya gaya maka?

Ranar Asabar ka kama hannunta ku koma. Ka tafi da tabarma, ka zauna cikin da'irar. Sandar za ta iso kanka, kuma a lokacin ba mai katse ka, kowa zai saurara. Allah ya ƙara lafiya, ya dawo maka da amaryarka.