Kawu, Jatan Landena Ba Su Haifi Kyankyaso Ba

Zuwa ga Alhaji Kawu, mai benen da muke haya a unguwar Shisha, nan ƙasa mai tsarki, aminin marigayi mahaifina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan ƙafar nan ta yi sauƙi, Hajiya da 'ya'ya da jikoki kowa yana lafiya.

Ni ne Sadisu, ɗan marigayi Malam Ilu maɗinki, mai zama a hawa na uku, ƙofar dama. Na san ka san ni, tunda a kunnena ka yi huɗuba. Na faɗa ne saboda maƙwabta, domin wasiƙar nan na manna ta a ƙofar shiga, na kuma tura ta zauren wayar mazauna bene. Ba haka na so ba. Sau huɗu ina kiran ka, kowane karo ka ce mini "abshir, inshallah", wato in kwantar da hankalina, ka kashe waya. Shi ya sa na ajiye Larabci na rubuto da Hausa, harshen da kake yi wa direbanka faɗa da shi idan ranka ya ɓaci da gaske. Na san ita ce ke shiga.

Ga waɗanda ba su san asalin maganar ba, shekara ashirin da ɗaya ke nan ina aikin tsara tashin motoci a tashar Kudai. Duk wanda ya wuni tsakanin direbobi da alhazai, kowa na rantsuwa motarsa ce a gaba, ya san inda hawan jini yake samo mutum. Likita ya ce in nemi wani abin yi wanda ba ya magana kuma ba ya danna ham. Na so tattabaru, ka hana hawa rufi. Sai wata rana a shagon masu sayar da kifin ado na ga wasu 'yan jajayen halittu, ba su kai gaɓar yatsa ba, suna ta tsince-tsince a kan ganye kamar mata masu tsintar shinkafa. Jatan lande ne na ruwan daɗi. Na tsaya kallo har aka kira la'asar.

Kada ka ga kamar wasa ne, Kawu. Goma na farko da na saya ba su kwana uku ba, don ban san ruwan famfo sai an kashe masa kaifi kafin a zuba musu ba. Na biyu sun rayu har sun hayayyafa, injin tace ruwa ya zuƙe 'ya'yan tas, sai da na koyi sa masa soso a baki. Akwai ranar da na ga gawa fara fat a ƙasan tankin gilashin da suke ciki, na kira matata Hajara ina salati, muna tsaye sai ga mamacin ya fito daga bayan gansakuka yana kiwo. Ashe saɓa suke yi kamar maciji. Da zafi kuwa mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ba ya mutuwa a falo, mu kwana da fanka a ɗaki, su kwana cikin sanyi.

Da farko Hajara cewa ta yi mazan mutane na kiwon raƙuma, nata yana kiwon abin da sai an sa tabarau. Da aikin Hajji ya zo na tafi Mina kwana tara, na bar mata su raina ba daɗi. Na dawo na tarar tana dafa musu alayyafo, ta raɗa wa uku suna, ta kuma ja mini kunne kada in yi tari kusa da gilashi, akwai mai ciki. Mace cikinsu tana ɗaukar ƙwai a ƙarƙashin cikinta kusan wata guda, tana yi musu fifita da 'yan ƙafafunta ba hutu. Daga goma sai da muka haura ɗari biyu. Likita da kansa ya rage mini ƙwaya ɗaya.

To ga ƙorafina, ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Hajiya Batula ta hawa na huɗu, Allah ya ƙara mata lafiya, ta shigo aron turmi ta leƙa tankin. Ta ga gashin baki dogo, ta ga ƙafafu rututu, ta ɗauki turmi ta fita. Kafin magariba labari ya gama bene cewa Sadisu yana renon 'ya'yan kyankyaso a ruwa, in sun girma su yi fukafukai su bi bututu su shiga kicin ɗin mutane. Ban ga laifinta ba, tsohuwa ce, kuma ta daɗe tana fama da su a kwabarta. Laifin da na gani naka ne, da ka ji maganar ka ɗauka ba ka hawo ka gani ba. Hawa uku ne kacal. Ko da ciwon ƙafar, na gan ka ka hau huɗu ranar da aka ce Hajiya Batula ta yi dambun nama.

Na biyu. Ka ce an yi sanarwar feshin maganin ƙwari. Gaskiya ne, an yi. Na same ta daga baya, manne a cikin asansir, injin hawa bene, wanda ya lalace tun watan azumi, ba wanda ya sake buɗe ƙofarsa sai mage. Da a bakin matakala aka manna ta, da na rufe tankin da leda, na kashe injin iska, na toshe ƙasan ƙofa, shi ke nan. Aikin minti biyar.

Na uku. Ranar Litinin ɗin da aka yi feshin, ina Kudai, Hajara ta je duba mahaifiyarta. Ka ba mai gadi mabuɗin ajiya ya buɗe wa masu feshi gidana. Mai gadin ya shaida mini, kuma ba ya ƙarya, cewa ka ce a fara da shaggar Sadisu, wato sashena, a kuma ninka mata, tunda can ne uwar gayya. Sun ninka kuwa. Sun fesa bayan tanki, sun fesa ƙarƙashinsa, ɗayansu ma ya ɗaga murfin ya leƙa, wai yana so ya ga irin da ke iyo.

Hajara ce ta riga ni dawowa. Ta kira ni ba ta iya cewa komai ba sai "ka zo". Na bar bas shida a layi da direbobinsu suna ihu, na tari tasi. Na tarar wasu na ta zagaye a ruwa kamar sun haukace, wasu sun kwanta a gefe ƙafafu na rawa. Maganin ƙwari ba ya bambanta su da ƙwaro, ɗigo kaɗan ya ishe su. Muka yi ta kwasar masu motsi da cokalin shayi muna zubawa a robar ruwan sha. Ni ina kwasa, ita tana ƙirga waɗanda ta sani. Kafin isha'i, bakwai suka rage. Sauran na haɗa su a kofi ɗaya, Kawu. Shekara biyu na wahala, kofi ɗaya bai ma cika ba. Mutum ne ni mai shekara arba'in da shida, amma na shiga banɗaki na kunna famfo don kada matata ta ji.

Kyankyasai kuwa, in kana son labarinsu, lafiyarsu ƙalau. Gidansu na ƙarƙashin matakala, a ɗakin da kake tara katifun alhazai da kwalayen dabinon bara. Nan kaɗai ne ba a fesa ba, don mabuɗinsa yana aljihunka.

Na huɗu, kuma wannan ya fi ci mini rai. Da labari ya iso ka, ka tambayi mai gadi ko kilo nawa ne suka mutu. Washegari da azahar sai ga direbanka da faranti lulluɓe, shinkafa da soyayyen gambari, wato jatan landen teku, manya-manya, da lemon tsami a gefe, wai in ji Kawu a yi haƙuri, waɗannan sun fi waɗancan girma. Na san da kyakkyawar niyya ka yi. Amma ka duba, da akuyar mutum ce ta mutu a hannunka, sai ka aika masa da balangu ranar zaman makoki? Hajara ta ga farantin ta shige ɗaki. Ni kuwa, tunda wasiƙar gaskiya nake rubutawa, ba zan ɓoye ba, na ci. Almubazzaranci haramun ne, kuma tun ranar feshin ban sa komai a bakina ba. Na juya wa tankin baya na ci, ina jin idanu goma sha huɗu a ƙeyata. Abincin ya yi daɗi, wannan ma wani ciwon ne. Amma cin da na yi ba yafiya ba ce, kada direba ya kai maka rahoton da ba haka ba.

Na biyar. Makon jiya aka zuro mini takarda ta ƙarƙashin ƙofa, cewa ba za a sabunta mini haya a Muharram ba sai na fitar da "ƙwarin ruwa" daga bene. Kawu, a benen nan mahaifina ya yi jinyarsa ta ƙarshe, kai ka riƙe masa kofin zamzam. Shekara goma sha bakwai ban taɓa sa ka hawo neman haƙƙinka ba. Yau a kan halittu bakwai da ba su da murya, ba su da wari, ba su taɓa tsallake gilashi ba, za a ce in nemi wani gida da tsadar hayar garin nan?

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A janye takardar nan. Duk ranar da za a sake feshi, a manna sanarwa inda masu rai ke bi, kwana biyu kafin ranar. Kada a ƙara buɗe gidan kowa ba ya nan, ba nawa kaɗai ba. A buɗe ɗakin ƙarƙashin matakala a gaban Hajiya Batula, ta ga masu laifin da idonta, ta daina tofa addu'a duk lokacin da ta wuce ƙofata. Sannan ka hawo da kanka ka zauna minti goma gaban tankin. Ba na neman ka biya ni komai. Cikin bakwai ɗin akwai mace ɗaya da muka ga ƙwai a cikinta shekaranjiya, in Allah ya raya su ba na buƙatar na shago.

In kuma ka dage cewa dole a zaɓa, to ina sanar da kai an riga an zaɓa. Na kai wa Hajara maganar, na ce mata Kawu ya ce ko tanki ya fita ko mu fita. Ta dubi mai ƙwan, ta dube ni. Ta ce matsar da tanki yanzu zai sa ta zubar da ƙwan, don haka ita da tanki suna nan, ni kuwa ai akwai ɗakin hutawar direbobi a Kudai. Saboda haka, Kawu, ba gidan haya kaɗai ke hannunka ba, har da aurena.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya warkar da ƙafar, ya albarkaci zuri'a, ya saka maka da alherin da ka yi wa mahaifina. Allah ya tsare dukiyarka daga asara, ya tsare katifunka daga abin da ke cikinsu yanzu haka.

Wassalam.

Ɗanka, Sadisu na hawa na uku.