Goron da na ci a Salaga

Zuwa ga Asiatu, sanyin idona, ruwan randa a bakin mai azumi, inuwar ɗorawa ga wanda rana ta dafa, ke da nake kiran sunanki a zuci ko ina tsakiyar ciniki. Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina sanar da ke cewa ina cikin garinku. E, ni Mashud, mai albasan Bawku da kike yi wa dariya, yau a Salaga na kwana, kuma da na san abin da ke jirana da ban tako ba.

Kin tuna ranar kasuwar Yendi da ruwa ya kora mu ƙarƙashin rumfa ɗaya? Ke da gwaggonki kuna tsaron doya, ni ina kokawa da buhuna kada su jiƙe. Kika toshe hanci kika ce ko daga Saboba ana jin warin albasata. Kika ce mutanen Bawku ba su san abinci ba, ci kawai suke yi don kada su faɗi. Daga nan kika shiga yabon garinku, idonki na walƙiya: rijiyoyin da kakanni suka haƙa, tsohuwar kasuwar da fataken goro suke sauka, wasawasa mai tururi, kiɗan simpa da ke tayar da gurgu. Ruwa ya ɗauke, ni ban so ya ɗauke ba. Ke ce da bakinki kika ce in zo bayan sabuwar doya ta fito, in ga garin da idona, in ya yi mini sai ki nuna mini ƙofar gidan babanki, Alhaji Mikaila.

Na makara, ban musa ba. Rikici ya sake tashi a wurinmu, hanya ta ƙi biyuwa, ana rufe mu a gida tun kafin duhu kamar kaji. Amma ko dare ɗaya na fasa kiranki? Ke ce hirarki ta fara gajarta, kika ce sabis ne ba kyau a unguwarku. Na yarda, don mai so ba ya da wayo. Da hanya ta buɗe na hau mota ban gaya miki ba, wai ni mai dabara, zan ba ki mamaki.

Kai, Salaga ta karɓe ni! Na bi duk inda kika lissafa mini kamar ɗalibi mai bitar karatu. Na leƙa rijiyoyin nan har na ga fuskata tana murmushi a ƙasa, fuskar wawa. Na zauna a bencin wata Azara mai abinci, ta zuba mini wasawasa da manja da yaji da soyayyen kifi, na ci har gumi ya keto mini, na ce lallai Asiatu ba ta yi ƙarya ba. Na ratsa kasuwa na saya wa kaina rigar batakari sabuwa don in shiga gidanku da mutunci, ke kuma na zaɓa miki mayafi ruwan toka mai bakin zare, na sa mai kanti ya sauko da rabin kayansa kafin in yarda. Ban tambayi kowa gidanku ba. Mai neman aure na kirki ba ya yawo da sunan yarinya a bakin kasuwa.

Bayan magariba na ji ganguna, ƙafata ta kai ni. Ga masu tsire sun jera, hayaƙi na tashi, ga mai shayi yana ɗaga kofi sama, 'yan mata sun yi layi suna juyi, samari na tafi. Ba za ki gane abin da wannan yake nufi ga mutumin Bawku ba, a ce rana ta faɗi kana waje, ba wanda ya kore ka, ba ka kasa kunne kana jiran ƙarar wani abu. Har rawa na taka, Asiatu, ni da ban taɓa rawa ba!

Ana cikin haka wani dattijo ya zo da faranti cike da goro yana rabawa. Aka ce goron aure ne, kuma a garinku ba a tsallake baƙo. Na ɗauki fari ƙato, na ɓare, na tauna. Da ya ji daga nesa nake, sai ya riƙe hannuna ya ce addu'ar matafiyi ba ta faɗuwa ƙasa, don haka ni zan yi wa ma'auratan addu'a. Aka tsayar da kiɗa saboda ni. Na ɗaga hannu, zuciyata cike da ke, na yi musu irin addu'ar da nake so a yi mana. Na roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu albarka. Na roƙe shi ya sa mutuwa ce kaɗai za ta raba su. Ban tsaya nan ba, don bakina ya yi daɗi: na ce duk wanda ke da niyyar shiga tsakaninsu, Allah ya mayar da shi inda ya fito hannu wofi. Jama'a suka amsa da amin har sai da na ji ta a ƙirjina.

Sai bayan na shafa na tambayi dattijon ko auren wa ake yi. Ya ce na 'yar wansa ne, Asiatu ta gidan Alhaji Mikaila, da wani Samed mai motar doya, ranar Lahadi za a ɗaura. Goron yana bakina, na rasa yadda zan yi in tofar a gaban mutane, sai na haɗiye.

Haba Asiatu! Wane laifi na yi da bai cancanci kalma ɗaya ba? In Bawku ce kike tsoro, wa zai ga laifinki, mu ma da aka haifa a can tsoronta muke yi. Da kin faɗa, wallahi da na kwashe buhunana na dawo Yendi ko nan kusa da ku. In kuma Samed ne ya fi ni, ai ba ƙarya za ki yi ba in kin ce ya fi ni, yana da mota, ba ya warin albasa. Amma ki bar ni in zo garinku in ci, in yi rawa a kiɗan bikinki, in kori kaina da bakina a gaban danginki? Raina ya ɓaci, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne har yanzu ina son ki.

Azara ta ce ta san gidanku, ita za ta kawo miki wannan takarda tare da mayafin, don ba ni da wadda zan ba. Abu ɗaya nake roƙo: ki aiko mini da gaskiya kafin Lahadi. In har yanzu akwai wurina a zuciyarki, zan sa batakarina in nemi dattawa su raka ni wurin babanki, ko da za a yi mini dariya daga nan har Pusiga. In kuwa da ranki kika zaɓe shi, ba zan ɓata miki biki ba, kuma ba zan janye addu'ata ba. Zan zo wurin ɗaurin auren in tsaya a sahun baya, in sake cewa amin, wannan karon ina sane da wadda nake yi wa.

Naki, ko kin so ko kin ƙi, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Mashud