Gidan da Na Nuna wa Kawu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da iyalinka. Ni ma ƙalau nake, sai dai akwai maganar da gara ka ji daga bakina.

Gidan da nake turo muku hotonsa ba nawa ba ne, gadi nake yi a ciki. Fitilunsa da soket duk da waya ake kunna su, maigidan kuma ya sa mini manhajar saboda yawan tafiyarsa.

Da Kawu ya zo sarin kaya, na zaunar da shi a falo, na harɗe ƙafa. Na taɓa waya, fitilu suka koma shuɗi. Na sake taɓawa, butar shayi ta kama aiki a kicin. Ya ce, "Kai, ɗan nan, ka zama mutum."

Ashe duk abin da na kunna, maigida yana gani a tasa wayar. Ya kashe, na kunna, ya sake kashewa. Na ce wa Kawu matsalar sabis ce. Sai ga kiransa, yana faɗa har Kawu na jiyowa.

Kawu ya wanke kofinsa da kansa, ya gyara kujerar da ya zauna, sannan ya tambayi inda nake kwana. Na nuna masa ɗakin bakin get.

Ba a kore ni ba, an dai cire ni daga manhajar. Don Allah ka tari Kawu kafin ya shiga wajen Inna. In ya riga ka, ka ce mata ɗakin yana da katifa, kuma ina cin abinci.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka