Cikin Maƙwabcina Mai Fenti

Litinin, 3 ga Maris

Ilimi dai alheri ne. Wasu sun tura 'ya'yansu jami'a sun dawo suna gina gada, ni tawa Auta ta dawo da labarin ƙofofin da ido ba ya gani. Rayuwata duka a kan kwaɗo da makulli na yi ta, sai ga 'yata ta zama mai gadin ƙofar da ko tururuwa ba ta iya leƙawa. Malaminta ya ce kafin ta tsaya gaban manya ta kare bincikenta, ta fara gwada bayanin a kan wanda bai san komai ba. Duk gidan nan ni ta zaɓa. Na gode da wannan karramawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Darasin farko, a falo. Wai bangon tumbin mutum ƙwayoyin halitta ne a jere, kowace da tantaninta kamar katanga, a jikin katangar kuma ƙofofi da famfo. Ta nan wasu 'yan mitsi-mitsin gishiri masu cajin lantarki suke shiga da fita. Famfo ya tura haidurojin waje ya karɓi potasiyam, kulorayid ya bi ta tasa ƙofar, su haɗu su zama asid ɗin da ke narka abinci. Wasu ƙwayoyin kuma su zuba abin da ke kashe kaifin asid ɗin a cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon, don kada ciki ya narke tare da abincin.

Na ce ashe aikin famfo ta karanta, da ta faɗa tun farko da na haɗa ta da mai gyara mana na banɗaki. Ta yi dariya. Mamarsu ta harare ni.

Asabar, 8 ga Maris

Cikin nan nawa ya sake tashi. 'Yar loma kaɗan na ƙoshi, na tura wa maƙwabcin shagona Mai Fenti kular abincina kamar kullum, na haɗiyi ƙwayar ulsa. A gida ba wanda ya sani. Kula tana komawa fayau, mamarsu tana murna.

Talata, 11 ga Maris

Yau ta shiga zancen ciwon daji. Ta ce a tumbin da ya kamu an ga wasu ƙofofin sun yi yawa, wasu sun ɓace. Ƙwayar da ta lalace tana jan gishiri da ruwa ta kumbura, ta zubar ta motse, da haka take kutsawa ta lungu ta yaɗu, ga hayayyafa ba tsayawa. Ko ƙofar ce ta fara lalacewa, ko cutar ce ta lalata ta, ba a gama sani ba, abin da take bincike ke nan. Na ce madalla, duk karatun nan sakamakonsa "ba a sani ba".

Sai ta ce akwai wata ƙwayar cuta da kan zauna a ciki shekaru tana kashe masu famfon, asid ya ragu. Ƙwayar ulsa ma famfon take rufewa, zafi ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke alhali abu yana can yana aikinsa.

Bakina ya riga hankalina.

"Akwai wani maƙwabcina a kasuwa. Da wuri yake ƙoshi, wando ya yi masa yawa. Me ƙofofinki suka ce?"

"Wane maƙwabcin, Baba?"

"Mai Fenti."

Ta ce galibi gyambo ne kawai, amma ba a sani sai an zura kyamara ta maƙogwaro an gani. Na ce zan gaya masa. Ni da na san duk wanda ya zo shagona ya ce abokinsa ne ya ɓatar da makulli, to nasa ne ya ɓata.

Laraba, 12 ga Maris

Na ƙara wa bel ɗina huji.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta zo kasuwa ba sanarwa. Ba shagona ta nufa ba, wajen Mai Fenti ta tsaya. Ta same shi da kularmu tsakanin ƙafafu, kumatu na ƙyalli, maɓallin riga na neman ceto. Ta rusuna ta ce Kawu ya jiki, ya cikin? Bawan Allah ya shafa tumbinsa ya ce tun da ya fara cin girkin mamarta watannin nan, ciki bai taɓa jin daɗi haka ba, ta gaishe ta da kyau.

Na sunkuya ƙarƙashin kanta ina neman abin da ban ajiye ba. Ta zo ta tsaya a kaina.

"Baba, Laraba da safe likitan ciki yana nan. Ka ce wa maƙwabcin kada ya ci komai kafin ya zo."

Ta ɗauki kular ta tafi, ko waiwaye. Dabarata ce wannan: ka faɗi maganarka sau ɗaya ka juya baya, mai saye shi zai biyo ka. A gindin kantata ta koya, tun tana zama kan kwalin hinji tana shan alewa.

Lahadi, 16 ga Maris

Mamarsu ta ji. Ba faɗa, ba kuka. Ta ajiye faranti ta zauna tana kallon hannuna. Can ta ce ita da ta ga kula na dawowa wanke, ƙara sanwa ta riƙa yi, ashe Mai Fenti take kiwo. Na yi dariya ni kaɗai. Da ma zagina ta yi.

Talata, 18 ga Maris

Ba zan je ba. Wa zai tsare shago? Kuma mutum da girmansa a buɗe masa baki a zura masa waya.

Ba wayar nake tsoro ba. Abin da za ta gani ne.

Laraba, 19 ga Maris

Na je, don kawai kada yarinya ta ji kunya gaban abokan aikinta.

Gyambo ne, amma gefensa bai kwanta wa likita ba, ya ɗan ciri tsoka za a duba. Sakamako sai mako mai zuwa. Ya ce ko ma mene ne, gara yanzu da baɗi. Da na buɗe ido Auta na tsaye riƙe da hulata, duk ta cukuikuye ta, ita da take zancen ƙwayoyin nan kamar zancen gyaɗa. Na yi kamar ban gani ba.

Wata nas ta tambaya ko na yarda ragowar tsokar ta je wa masu bincike, ɓangaren su Auta. Kafin ta rufe baki na ce a kai. Me zan yi da ita? A hanya na sa Auta ta maimaita mini zancen ƙofar potasiyam, a hankali wannan karon, don dai tafiya ta yi sauri.

Amma fa idan aka ba ta digirin nan da naman cikina a ciki, wa ya kamata a ɗora wa hular?