Jan Biro a Takardar Hafsat

Laraba da dare, ƙarshen Afrilu, Gaithersburg

Gobe ƙungiyoyin ƙwallon Amurka za su zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ni kuwa yau na ɓata komai.

Wata biyu ke nan zancen zaɓen nan ne kaɗai ke sa 'yata Hafsat ta zauna hira da ni. Tun da ta cika sha shida, sauran magana daga "eh" sai "a'a". Saboda ita na koyi dokokin wasan. Jiya ta manna hasashenta a jikin firji: wanda ƙungiyarmu za ta fara ɗauka, da tsohon ɗan wasan da take ganin za a bayar a karɓo matasa biyu.

Da safe ina jiran ruwan shayi, sai halin malanta ya motsa. Na ɗauko jan biron da nake duba jarrabawa da shi, na ja layi a ƙarƙashin musayar, na rubuta "Ina hujja?" Har maki na ba ta, bakwai bisa goma. Wallahi da wasa na yi.

Da ta dawo daga makaranta ta daɗe tana kallon takardar. Da Hausa ta yi magana, abin da ta daɗe ba ta yi ba: "Baba, ba aikin gida ba ne. Nuna maka kawai na yi."

Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma a gidan ƙawarta a Landover za ta kalli zaɓen.

Takardar na gabana yanzu. Na yi ta gogewa, jan ya ƙi fita.