Gwangwanin Shayin Wiratno

Wonogiri, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Lasmini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki Sukardi da yara kuna nan Samarinda cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara wa Sukardi sauƙin gwiwar nan tasa. Ni dai na dawo daga Japan lafiya, na tarar da gida yadda na bar shi, in ban da kajin da maƙwabta suka ce wai annoba ta kwashe, kuma duk layin nan nawa kaɗai ta zaɓa. 'Yata Nastiti da mijinta Gunarso suna gaishe ki. Wata uku na yi a ɗakinsu, na ci na sha, 'yata ta kai ni na ga teku da dusar ƙanƙara, amma makon ƙarshen nan, Dik ƙanwata, ban yi shi da kwanciyar hankali ba.

Kin san halin mutanenmu. Da an ji za ka koma gida, kowa sai ya tuna yana da uwa. Ba a ƙin karɓar saƙo, ba a kuma buɗe shi, duk wanda ya yi ɗaya daga ciki ya gama zubar da mutuncinsa. Na karɓi rigar sanyi da man zafi da su alewa har akwatina ya ƙi rufuwa, sai da Gunarso ya hau kai ya zauna. Ana saura kwana kaɗan sai ga Wiratno, ɗan Mbah Painem, kakar nan ta ƙauyen bayan gada. Kin tuna shi, mai kunnuwan nan kamar murfin tukunya. Shi ne wanda bai zo jana'izar ubansa ba, tsohuwar ta yi rantsuwa ba za ta ƙara jin muryarsa ba, ko ya kira wayar maƙwabta ba ta karɓa. Duk zamana a garin ban taɓa ganinsa ba sai ranar, ya shigo yana sunkuyar da kai, da gwangwanin shayi a hannu, an naɗe bakinsa da salatif kamar ana tsoron shayin ya gudu.

Ya ce don Allah in kai wa mahaifiyarsa, hannu da hannu. Kada in sa a akwati, a jakar hannu zan riƙe. Kada in ajiye a ƙasa, kada wani ya riƙe mini. Na ce to wane irin shayi ne wannan da ya fi ni gata? Bai yi dariya ba, sai gumi, ga shi ana sanyin da ruwa ke daskarewa a waje. Na girgiza gwangwanin a kunnena, ba nauyi, ba ƙarar ganye, wani abu ne dai ke ɗan motsi a ciki. Na dubi Nastiti, ita kuma ta dubi silin. Daga ranar, da na shigo falo sai ita da mijinta su juya harshe zuwa Japananci, suna yi suna satar kallona.

Dik, ni ba yarinya ba ce, ina kallon labarai. Na san matan da aka ba saƙon takalmi ko na madara, aka tare su a filin jirgi, aka farke aka sami ƙwaya, kuma kin san hukuncin ƙasarmu a kan wannan ba wasa ba ne. Tsohuwa mai ɗankwali da jakar tsaraba, ai irina ake nema. Na tsare Nastiti a kicin na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah me ke ciki. Ta ce ba abin cutarwa ba ne. Na ce ashe kin sani. Ta ce in yi haƙuri, an roƙe ta kada ta faɗa, kuma wai ni bakina ba ya riƙe magana, kafin jirgi ya sauka rabin Wonogiri sun ji. Ni, uwar da ta haife ta! Na ce madalla, in aka harbe ni sai ki zo ki gaya wa kabarina. Ta rungume ni tana dariya da hawaye, amma ba ta faɗa ba.

Abin da ya rage mini zafi a kwanakin nan jaririyar maƙwabciyarsu ce. Wata 'yar Japan ce mai suna Chiharu, tun farkon zuwana take kawo 'yarta Miyu kusan kullum da hantsi, wai mijinta yana aiki a kamfanin kifi ba ya samun zama. Ba ma jin yaren juna, sai nuni da hannu. Ni na koya mata ɗaure yarinya da zani irin namu, har na bar mata tsohon zanina mai ruwan ƙasa, wanda dutsen guga ya ƙona wa gefe. Ni nake yi wa yarinyar wanka, ina tsokanarta da cewa da kunnuwan nan ba ta bukatar jirgi in za ta zo gaishe ni. Ranar tafiyata Chiharu ta riƙe hannuna ta yi ta sunkuyawa tana kuka, har na fara zargin ita ma ta san ba zan kai gida ba.

A filin jirgi na tsaya gaban kwandon shara na daɗe. Ba mai ganina, in na jefa shi ke nan, in ce ya ɓata. Amma na tuna Mbah Painem ita ta zauna da uwarmu a ciwonta na ƙarshe, kuma na karɓa da hannuna. Na mayar jaka. Duk tsawon tafiyar yana kan cinyata, ban ci abincinsu ba, ban ko runtsa ba. Da muka sauka Jakarta sai ga kare da ma'aikacin kwastan, karen ya zo kai tsaye ya kafa hanci a jakata. Wallahi nan take na fara kalmar shahada. Ma'aikacin ya ce Mama, me ke ciki? Na ce shayi. Ya zuge jakar, ya ture gwangwanin gefe, ya zaro ƙunshin busasshen kifin da na ɓoye wa kaina, ya ce wannan shayin naki yana da ƙaya. Kifin ya tafi, gwangwani ya tsira, na fito ina jin haushinsu duka biyun.

Washegarin isowata gida ban ko kwance akwati ba na hau acaba zuwa bayan gada. Na yi niyyar a gabana za a buɗe, in ga abin da na kusa mutuwa a kansa. Na sami Mbah Painem a baranda tana tsince shinkafa. Da ta ji daga wa saƙon yake, ta ce ita ba ta da ɗa a Japan, in mayar masa da shayinsa. Na ce Mbah, kare ya shinshine ni saboda gwangwanin nan, ko ki buɗe ko in kwana a nan. Ta yi tsaki ta ɗauko wuƙa.

Babu shayi. Wani ɗan ƙunshin tsumma ne, a cikinsa ɗan akwatin katako fari wanda bai kai tafin hannu ba, a ciki kuma auduga da wani abu busasshe, baƙi-baƙi. Ni ban gane ba. Ita da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, kallo ɗaya ta yi masa ta ce cibiyar jariri ce. Daga baya Nastiti ta gaya mini asibitocin can haka suke ba iyaye ita a ɗan akwati. Ba takarda, ba hoto, Wiratno ya san ba za ta karɓa ba. Tsohuwar ta rufe ɗan akwatin. Ta tashi ta shiga ciki, na ɗauka kuka za ta yi, sai ga ta da fartanya da farin ƙyalle da allura da zare, irin kayan da ake binne mabiya da su a bakin ƙofa. Ta tsaya a tsakiyar ƙofar ta kasa gaba. Kin san namiji dama ake haƙa masa, mace hagu. Ta ce, ba tare da ta dube ni ba, shashashan yaron nan ko wannan bai iya faɗa ba, yanzu ina za ta haƙa?

Lokacin idona ya faɗa kan tsumman da aka jefar a tabarma. Ruwan ƙasa ne, da ƙunar dutsen guga a gefe. Zanina ne, Dik. Sai kunnuwan nan suka dawo mini, na uban da na 'yar. Wata uku ina yi wa jikar Mbah Painem wanka ban sani ba. Na ce Mbah, hagu. Na ce sunanta Miyu, tana da ƙiba, tana dariya in an zuba mata ruwa a ciki, kuma kunnuwan gidanku ne babu ragi. Ta durƙusa ta fara haƙa tana cewa in ci gaba, in ci gaba, kada in bar komai. Ban taɓa jin an roƙi bakin nan nawa ya yi aiki ba sai ranar.

Har yanzu ina zargin Nastiti. Ban yarda haka kawai aka yi ta kawo mini yarinyar nan kullum ba, shiri ne suka yi, suna neman wanda zai gan ta da kyau ya kasa yin shiru. Na kira ta na faɗa mata, ta ce layi ba kyau. Tsohuwar dai ba ta kira ɗan ba tukuna, amma jiya ta aiko a tambaye ni ƙarfe nawa ne a Japan in an yi azahar a nan. Ta kifa kwando a kan ramin ta kunna fitila kamar yadda ake yi, duk mai wucewa ta gada da magariba yana ganinta a hagun ƙofa. Don haka in kin ji labarin a bakin wani, ba ni ba ce, fitilar ta riga ni.

Ki gaishe mini da Sukardi, da Ningrum da mijinta, da autanki Bagyo, ki ce masa rigarsa tana nan sai an sami mai zuwa. In kuma mai zuwan ya tambayi abin da ke cikin ƙunshin, a gaya masa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarki,
Warsini