Ɗaya Babu a Kwalin

Belbeji, ranar Litinin

Yaya Ruƙayyatu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Tanout, yaya yara, yaya ciwon ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zuciyata da ta ƙi kwanciya.

Kin san wata bakwai ke nan da aka yi mini aiki aka ciro Usman, na sha da ƙyar. To, tun da na gama wanka na dawo, maigida bai taka ɗakina ba. Abinci yana ci, fara'a yana yi, amma shimfiɗarsa na zaure. Kowace Laraba kuma sai ya sa sabuwar riga ya fita da la'asar, ba kasuwa ba, ba wajen awaki ba.

Jiya na je rumbu ɗibar hatsi, sai na tarar da kwalin kwaroron roba a soke cikin damin gero. Yaya, a garin nan wa ke riƙe wannan abu in ba mai neman mata ba? An rubuta sha biyu a bayansa. Na ƙirga har sau uku, sha ɗaya ne. Na yi kuka har na gode Allah. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ƙanwarki,
Zuhaira

Belbeji, ranar Juma'a

Yaya Ruƙayyatu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Saƙonki ya iso, kin ce in yi haƙuri. Ban yi ba. Ran Laraba na yafa mayafi na bi shi daga nesa. Sai ga shi ƙarƙashin itacen bedi na gidan likita, cikin maza goma, har da liman ƙarami, ungozoma na yi musu bayani. Wai makarantar mazaje ce.

Da ya dawo na ajiye kwalin kusa da tuwonsa. Yaya, mutumin nan da ke kayar da bijimi shi kaɗai, zufa ta karyo masa. Ashe ranar aikina shi likita ya kira gefe, ya ce in na sake ɗaukar ciki kafin shekara uku, ba lalle in tashi ba. Maigida ya san ƙwayoyin hana ɗaukar ciki zubar jini suke sa ni. Ya karɓo kwalin, kunya ta hana shi nuna mini, wai kada in ɗauke shi ɗan iska. Shi ya sa ya gudu zaure. Na sake kuka, na tausayinsa wannan karon.

Amma na tambaye shi ɗayar da babu. Ya ce ita aka buɗe a makaranta, aka gwada musu a kan ƙotar fartanya.

Ya dawo ɗaki, Yaya, kuma na yarda da shi. Sai dai ungozomar ƙawarki ce. Don Allah ki tambayar mini ita, ko da gaske da ƙotar fartanya suke gwaji.

Taki har kullum,
Zuhaira